Harshe da haƙori ma sukan saɓa

Tun da aka shiga zaman sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana a 2025, wannan karin maganar ta zama abin buɗe taro. Wanda duk ya karɓi lasifika sai ya jefo ta, a gyaɗa kai, a wuce. Ni kuwa duk sanda na ji ta sai raina ya sosu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar, ƙasar Batsari, watanni kaɗan bayan sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi a Satumban 2019. Wannan ne za a kira saɓani? Wanda ya ciji harshensa ai ba makabarta ake kai shi ba.

To amma in na ce a jefar da maganar, na zalunci kakanninmu, domin Bahaushe da Bafillatani na bakin dajin Rugu sun daɗe a baki ɗaya. Tambayi dattijon Ruma ko Runka yadda kaka take a da. Da an kwashe gero da dawa, manomi da kansa zai taka zuwa ruga ya roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci karmami da harawa, su kwana nan, su bar taki. Mai gona ya ba da damin hatsi, wani ma har da abincin dare. Da safe matar Bafillatani ta shigo gida da ƙwaryar nono, uwargida ta auna mata gero, su zauna hira, ta san sunan kowane yaro a gidan. Manomin da ya samu rara ya sayi karsana ya ba wannan makiyayin kiwo, ba takarda, ba shaida, shekaru su wuce ya je ya tarar ta zama garke. In shanu sun yi ɓarna, Ardo da mai gari su je su duba gonar, a yanka diyya, a biya, a gaisa. A irin wannan zaman ne ake cewa an saɓa, domin gobe ma kowa na buƙatar ɗan'uwansa.

Abin da masu lasifika ba sa faɗa shi ne yadda wannan buƙatar ta mutu. Takin zamani ya rage wa manomi neman kashin shanu. Karmamin da ake bari kyauta yanzu ɗaure shi ake a sayar. Burtali da mashaya sun koma gona, duk da dokar makiyaya da gwamnatin Arewa ta yi tun 1965. Da ɓarayin shanu suka mamaye Rugu, makiyaya ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, sannan 'yan sa-kai suka shiga kama duk wanda suka gani da sanda da malfa, mai laifi da marar laifi. Yaron da aka haifa a Safana cikin waɗannan shekarun, da wuya ka ji yana da aboki a ruga, na ruga kuma bai san garin ba sai da fargaba.

Wani zai ce mini ai shiru ya fi harbi, kuma gaskiyarsa. Wanda ya samu ya koma gonarsa ba zai saurari ƙorafina ba. Sai dai ina tambaya: da wa aka yi sulhun? Da mai bindiga aka zauna. Makiyayin da bai taɓa riƙe ta ba, wanda aka kwashe masa shanu ya tsallaka Nijar ko ya gangara kudu, wa ya neme shi? Matar da aka kashe wa miji a Tsauwa, wa ya tambaye ta ko ta yafe? Ban ga an yi maganar burtali da gaske ba, ban kuma san abin da zai sa manomin Runka ya sake taka ƙafa zuwa ruga da kaka ba.