Tawakkali Ko Ganganci? Darasi Daga Bahar Maliya



Kwanan baya muna darasin lugga a aji, sai muka zo kan kalmar Ƙuraishu. Na gaya wa ɗalibai cewa wasu malamai suna ganin sunan wannan ƙabila ta Makka ya samo asali ne daga "ƙirshu", wato kifin nan mai rinjayar dabbobin teku, wanda muke kira shak. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, yayana yana aiki a Jidda. Ya ce akwai masu goya tulun iska su nutse a tekun da wannan kifi yake, don kallo kawai. Wannan tawakkali ne ko kashe kai?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya.

Jidda ita ce ƙofar Makka ta teku tun shekara ta 26 bayan Hijira, lokacin da Sayyidina Usman ya mai da ita tashar jiragen ruwa a maimakon Shu'aiba. Tekunta, Bahar Maliya, tana cikin wuraren da masu nutso suka fi so a duniya. A cikinta akwai shak mai zane irin na damisa. Tsawonsa yakan kai mita 5, kuma ba ya zaɓen abinci: kunkuru, tsuntsu, mushe, har taya an taɓa samu a cikinsa. A watan Yuni na 2023 irinsa ya kashe wani saurayi ɗan Rasha da ke iyo a Hurghada, a ɓangaren Masar. Duk da haka, mutane suna zuwa Bahamas da tsibiran Maldibs musamman don su nutse kusa da shi.

To, mene ne hukuncin mai yin haka? Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu ga halaka. Amma malaman fiƙihu ba su haramta shiga teku ba. Da suka yi magana kan zuwa Hajji ta jirgin ruwa, ma'aunin da suka kafa shi ne rinjayen zaton tsira. Idan galibi ana kuɓuta, an halatta. Idan galibi halaka ake yi, an hana. Ke nan abin dubawa shi ne shirin da mutum ya yi kafin ya shiga.

Ku dubi shirin ƙwararren mai nutso. Da fari sai ya yi karatu ya sami shaida, kuma sabon shiga ba ya wuce zurfin mita 18. Ba ya nutso shi kaɗai. Shi da abokinsa kowa yana duba tulun iskar ɗan'uwansa kafin su faɗa ruwa. Ba ya riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar ƙirjinsa tana kumbura, tana iya fasa huhu. Yana tasowa a hankali, ya tsaya minti 3 a mita 5, don iskar da ta narke cikin jininsa ta fita. Wanda ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 18. Mai Umara da ya nutse a Jidda da safe, ya hau jirgin Accra da dare, ya jawo wa kansa ciwo da hannunsa.

Game da kifin kuma, yana bin jagora wanda ya san wurin. Yana guje wa ruwa mai duhu da lokacin asuba da magariba, sa'ad da kifin ya fi farauta. Ba ya ɗauke da kifin da ya soka, ba ya sa abu mai ƙyalli. In sun haɗu, ba ya juya masa baya, ba ya fantsama ruwa, ba ya taɓa shi. Sau da yawa ma sakacin wasu ne yake jawo musiba. A Disamba 2010, wasu nau'o'in shak sun raunata masu yawon buɗe ido a Sharm el-Sheikh, suka kashe wata Bajamushiya. Daga cikin dalilan da masana suka ambata akwai mushen tumaki da aka zubar daga jirgin ruwa, da ɗabi'ar ba kifaye abinci.

A Larabci akwai tawakkul, akwai tawaakul. Bambancinsu a rubutu kaɗan ne, a ma'ana kuwa sama da ƙasa. Na farko shi ne ka yi iyakar ƙoƙarinka sannan ka miƙa sakamako ga Allah. Na biyu shi ne ka naɗe hannu ka laƙaba wa ƙaddara lalacinka. Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗauki jagoran hanya a Hijira, ya sa sulke biyu a Uhudu. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Wa ya fi su dogaro ga Allah?

Wani zai ce, ai kallo ba lalura ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa sharaɗi ya fi tsanani a kansa. Masunci mai neman abincin iyali yana da uzurin da mai neman hoto ba shi da shi. Wanda bai iya cika sharuɗɗan ba, ya tsaya a gaɓa. Ransa amana ne, kuma iyayensa suna da haƙƙi a cikinsa.

Yanzu mu dawo gida. Waɗanda shak ke kashewa a duk duniya ba su cika wuce 10 ba a shekara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ruwa ya ci mutum wajen 300,000 a 2021. Mu nawa ne muke kwarara bakin teku ranar yawon Sallah ba mu iya iyo ba? Mu nawa ne muke hawa babur ba hular kwano, muna cewa "in ajali bai zo ba, ba abin da zai faru"? Samarin zango nawa ne suka shiga kwalekwalen roba daga Libiya da sunan tawakkali? Baturen da muke yi wa dariya ya duba tulunsa sau biyu. Mu me muka duba?

Abin da na gaya wa ɗalibina ke nan washegari: ka tambayi mai nutson shirin da ya yi, amsarsa za ta nuna maka ko wane ne shi.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu fahimta. Wassalam.