Da Wane Ma'auni Ake Auna Sanyi?

Wata safiya cikin watan Janairu, ina gabatar da shirin safe, na ba da labarin dusar ƙanƙara da ta rufe hanyoyi a Turai. Sai na ƙara da raha, na ce mu mutanen Garwa da muke shan zafin digiri 40 a watan Afrilu, ga mu nan muna karkarwa don ma'auni ya sauka ƙasa da 20. Ban rufe baki ba wani dattijo ya bugo waya. Gadi yake yi a wani shago kusa da babbar kasuwa. Ya ce, "Ɗana, wannan lissafin naka a kan katifa ka yi shi, ko a kan siminti?" Na yi dariya don in rufe kunya, na sa kiɗa. Har yau tambayar ba ta sake ni ba.

Mu 'yan jarida muna son babbar lamba. A ranar 21 ga Yuli 1983, a tashar bincike ta Vostok da ke Antatika, an auna digiri 89.2 ƙasa da sifili. A nan Afirka, garin Ifrane na Maroko ya ga 23.9 ƙasa da sifili a Fabrairun 1935. In an jera namu kusa da waɗannan, hunturun da ke kwaso mana ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi wasan yara ne. Sai dai masanan da ke Vostok sun je da shiri, da tufafi da makamashin da aka tanada domin wurin. Almajirin da ya kwana a rumfar kasuwa da riga ɗaya ba wanda ya shirya shi. Jikin ɗan Adam yana zaune a digiri 37, in ya faɗi ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma yaro da tsoho da mai yunwa sun fi saurin rasa ɗumi. Siminti kuwa tsotse ɗumin jiki yake yi har asuba.

To in sanyi ya kwantar da mutum, laifin wa? Wani zai ce ikon Allah ne, kuma gaskiya ya faɗa. Babu mai tsayar da iskar arewa. Amma bargon da ke ninke a akwatina ba iska ce ta ajiye shi can ba. Abin da aka ɗora mana ba za a tambaye mu a kansa ba, abin da aka ba mu a hannu shi ne abin tambaya. Sau da yawa idan muka ambaci ƙaddara a kan wahalar wani, kanmu muke wankewa.

Ga wani misali da ya shafi sana'ata. A hunturun 1954 sanyi ya tsananta a Faransa. Wata mata ta daskare a bakin titi a birnin Paris, riƙe da takardar korarta daga gidan haya. Ranar 1 ga Fabrairu wani limamin kirista, Abbé Pierre, ya yi kira ta Rediyo Luxembourg. Jama'a suka yi ta kawo barguna da kuɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya: a 1956 aka kafa dokar hana korar ɗan haya a lokacin sanyi, kuma tana nan har yau. Tausayi yakan huce da wuri, shi ya sa suka ɗaure shi da doka.

Nan ne muke da rauni. Kyauta ba ta gagare mu ba, amma sai mun ga yaro yana rawar ɗari muke tunawa. Alhali hunturu ba baƙo ba ne, kowace shekara daga Nuwamba yake sallama. Me zai hana kowace unguwa, daga Yelwa zuwa Foulbéré, ta san tun watan Oktoba yara nawa ke tsangayarta da inda suke kwana? Me zai hana mai shago ya lissafa tabarma da bargon mai gadinsa cikin haƙƙinsa, yadda yake lissafa albashi? Haka 'yan gudun hijirar Borno da ke sansanin Minawao kusa da Mokolo tun 2013, su ma maƙwabta ne.

Dattijon nan bai sake bugowa ba, ban kuma san sunansa ba. Amma tun daga ranar, in na karanta yanayi a hunturu, nakan bi shi da tambaya ɗaya ga mai sauraro: daren jiya, wa ya kwana a ƙofar gidanka, kuma da me ya rufa?