Ciki Amana Ne: Abin Da Mai Son Rage Ƙiba Za Ta Bari Da Wanda Za Ta Rage

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ciyar da mu, ya shayar da mu, ba da wayonmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yar uwata mai karatu, nasiharmu ta wannan fitowa a kan abinci take, musamman ga wadda jiki ya yi mata nauyi take son ta rage. Wata za ta ce, ina ruwan wa'azi da tuwo da miya? To ki duba sahun mata a masallacin Idi ko wajen tarawihi, ki ƙirga mata nawa ne da ba su kai shekara hamsin ba amma sai a zaune suke sallah saboda gwiwa ta ƙi ɗaukar jiki. Ki tambayi alhazanmu yadda ɗawafi da Safa da Marwa suke yi wa mai nauyin jiki. Duk abin da zai raba mace da cikakkiyar sujada ya cancanci a yi masa wa'azi.

Jikin nan aro aka ba ki

Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) wahalar da kansa da azumi da tsayuwar dare babu hutu, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan ba a yarda a cutar da jiki da ibada ba, ina ga cutar da shi da cokali? A Suratul A'araf aya ta 31, Allah (SWT) ya halatta mana ci da sha, kuma a cikin ayar dai ya hana mu wuce iyaka. Haka nan Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba (RA) hadisin nan da yaranmu na Islamiyya suka haddace, wanda ya koyar da mu raba ciki gida uku: na abinci, na abin sha, da na numfashi. Haddar muna da ita, aiki da shi ne ya yi mana wuya.

Sai dai a fahimce ni. Ƙiba a karan kanta ba zunubi ba ce. Akwai ta gado, akwai wadda haihuwa ke kawowa, akwai ta ciwo ko ta wani magani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta, ya mayar da abin raha. Bai aibata ta ba. Saboda haka masu yi wa 'yan uwansu dariya da laƙabin banza su koma Suratul Hujurati aya ta 11 su ji tsoron Allah.

Yaya za ki san jikin ya wuce kima? Ɗauki tef ɗin tela ki auna cikinki daidai saitin cibiya. Masana lafiya sun ce idan na mace ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi, to ta fara lura; idan ya kai santimita 88, kusan inci 35, haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya ƙaru sosai. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ba matan Turai kaɗai abin ya shafa ba.

Ni'imar fadama da jarrabawarta

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya Allah ya yi mana baiwar da ba kowa ya samu ba. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ga shinkafa damina da rani, ga alkama, ga kifi, ga tumatir da albasa da kankana, ga riɗi da wake a tudu. Amma kowace ni'ima za a tambaye mu a kanta, kamar yadda ƙarshen Suratut Takasur ya nuna.

Iyayenmu sun ci tuwo malmala biyu ba su yi teɓa ba, domin su suke surfe, su yi daka, su yi niƙa, su ja ruwa a rijiya, su taka da ƙafa zuwa unguwa. Mu kuwa inji ya karɓi turmi, famfo ya karɓi guga, babur da ɗan sahu sun karɓi ƙafa, amma malmalar tana nan yadda take, har mun ƙara mata lemon kwalba da taliya. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Na farko: sukarin da ake sha

Idan abu ɗaya za ki iya bari, to ki bar wannan. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi. To kwalbar lemo guda ta santilita 35 tana iya ɗauke da cokali 8 zuwa 9. Ki haɗa da na shayin safe, da na koko, da na fura, da zoɓon da aka ƙulla a leda, ki ga inda lissafi ya kai. Illar sukarin sha ita ce ba ya ƙosarwa: kin sha, kuma za ki ci abincinki cif kamar ba ki sha komai ba.

Lemon kwalba da na kwali ki bar su gaba ɗaya. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi ki haɗa naki a gida, ki rage sukarin kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Mako biyu zuwa uku ya isa. Zuma tana da falala, Alƙur'ani ya ambace ta da waraka a Suratun Nahli, amma wajen ƙiba lissafinta ɗaya da sukari, don haka cokali guda ya wadatar. Dabino ma sunna ne, sai dai uku sun isa buɗe baki, ba rabin mudu ba.

Na biyu: mai da soye-soye

Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, yana da kalori wajen 120, alhali kofi guda na dafaffiyar shinkafa wajen 200 ne. Kin ga ke nan cokali biyu na man da kike kwararawa a kan shinkafa da wake ya fi kofin shinkafar nauyi. Da yawa daga cikinmu ba ma auna mai, daga galan muke tuttulawa har sai ya yi iyo a saman miya, wai kada a ce matar gidan ba ta iya girki ba. Ki riƙa aunawa da cokali, lafiyarki da aljihun maigida duk za su huta.

Fanke da cincin da dubulan da alkaki da nakiya da wainar fulawa, waɗannan fulawa ce ko shinkafa da mai da sukari suka haɗu; ki mayar da su na ranar sallah da biki, shi ma ɗanɗane. Wake abinci ne mai kyau, amma alala ta fi ƙosai ga mai rage jiki, awara kuma a dafa ta cikin miya maimakon a tsoma ta a mai. Kifin da Allah ya hore mana a kasuwar Haɗejiya, tarwaɗa ne ko karfasa, ki yi farfesunsa ko ki gasa, ko ki sa banda a miya. Nama ki yanke kitsen, kaza ki cire fatar.

Na uku: tuwo da shinkafa, a rage ba a bari ba

A nan ne wasu ke wuce gona da iri, su ce sun daina cin duk wani hatsi, bayan kwana goma jiri ya kwashe su, su dawo su ci fiye da da. Suratul Ma'ida aya ta 87 ta hana mu haramta wa kanmu daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta. Magana a kan awo take. Ki raba farantinki gida huɗu: gida biyu ganye da kayan lambu, gida ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama, gida ɗaya tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannunki. Miya ta fi tuwo yawa, ba tuwo ya fi miya ba.

Ki fifita gero da dawa da alkamar da aka niƙa da dusarta a kan farin burodi da taliya da farar fulawa, domin dusar nan da muke ba dabbobi ita ke sa abinci ya daɗe a ciki, sukari kuma ya shiga jini a hankali. Idan shinkafa za ki ci, ki haɗa ta da wake da ganye. Kuma kada a tara sitaci biyu a zama ɗaya, a ci taliya da burodi, ko shinkafa da soyayyen dankali.

Na huɗu: gishiri da dunƙule

Gishiri ba ya sa kitse, amma yana tayar da hawan jini, wanda shi ne abokin tafiyar ƙiba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa da garin busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano ba sai an jefa dunƙule biyar ba. Masu jego kuma su yi hattara da kunun kanwa: tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shan kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

To me za a ci?

Abin da ke bayan gidanki. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kuka, karkashi, kabewa, yalo, gurji, kabeji. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan, dambu mai yawan ganye, fate, ɗanwake da ɗan mai kaɗan, nono ko kindirmo babu sukari. Idan bakinki yana son motsi tsakanin abinci, ga gwaiba, ga goruba, ga kankana yanka ɗaya ko biyu. 'Ya'yan itace a ci su da ƙwarinsu ya fi a matse ruwansu. Gyaɗa da riɗi suna da amfani amma mai ne da su, cikin tafin hannu ya isa. Ruwa kuwa ki sha kafin ki fara cin abinci. Wannan ba abincin talauci ba ne, 'yar uwa, kada kunyar baƙi ta sa ki raina shi.

Hattara da gajeriyar hanya

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Jiya 'yan matanmu suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi ɓul-ɓul kafin biki, alhali wasunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ke kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon sukari. Yau kuma ga shayin rage teɓa ana tallarsa a waya, mafi yawansa gudawa da fitsari kawai yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan. Duka biyun wasa ne da amanar Allah.

Ragewar da likitoci suka yarda da ita ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Kuma ba sai kin koma kamar budurwa ba. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a shekarar 2002 ya nuna mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka ɗora su a kan rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kilo 6 ne da ɗoriya. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ko da zagaye tsakar gida ne bayan sallar asuba, ya cika wannan lissafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai ciki da mai shayarwa kada su takura wa kansu da yunwa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko gyambon ciki da ke shan magani ta fara ganin likita kafin ta canza cimarta ko ta ɗauki azumin nafila.

Gyara niyya

Azumin Litinin da Alhamis da na ranakun 13, 14 da 15 ga watan Musulunci sunna ne, kuma suna koya wa ciki haƙuri. Ki yi su don Allah, da izinin maigida idan yana gari, lafiyar ta biyo baya a matsayin riba. Amma azumin da za a buɗe da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da lemo, a kawo tuwo a kai, ba zai rage komai ba. Shi ya sa wasunmu ke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi.

Sannan ki tuna, binciken nan na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A unguwa ɗaya wata na fama da ƙiba, maƙwabciyarta na fama da abin ɗora tukunya. Malmalar da kika rage da kuɗin lemon da kika bari, ki miƙa su ta katanga. Abin da zai zame miki ciwo a jiki sai ya zame miki lada a mizani.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da malaman makarantun matan aure, mu fara da kanmu: a walima da taron saukar karatu a kawo ruwa da zoɓo marar sukari da 'ya'yan itace. Ina kuma kira ga mazaje da surukai su daina auna riƙon mace da ƙibarta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sanya albarka a cikin abin da ya azurta mu da shi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu yi ta yi masa sujada da ƙafafunmu har ƙarshen rayuwarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.