Ina Mazaunin Ilmin Da'awa Cikin Ilmukan Addini?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, idan muka duba zaurukan karatunmu za mu ga almajiri yakan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, in Allah Ya yi masa tsawon rai ya kai ga Muhtasar. Yana haɗawa da Tauhidi da Nahawu da Tafsiri. To, amma a wane darasi ne zai koyi yadda ake kiran mutum zuwa ga Musulunci? Galibi babu. An ɗauka wai duk wanda ya san hukunci ya iya isar da shi. Shi ya sa za ka ga malami ya je ƙauyen Maguzawa, maimakon ya fara da sanin Allah, sai ya buɗe baki da aibata giya da bori. A saurare shi don kunya, yana juya baya a koma gidan jiya.

Ba haka Manzon Allah ya koyar ba. Da zai aiki Mu'azu ɗan Jabalu Yaman, sai da ya fara sanar da shi irin mutanen da zai tarar, cewa Ahlul Kitabi ne. Sa'an nan ya jera masa matakai: kalmar shahada tukuna, in sun karɓa sai salla, in sun karɓa sai zakka, ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa zaɓaɓɓun dukiyoyinsu. Haka kuma ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa. Sanin mutane, da harshensu, da abin da ke gaba da wani, ashe wannan ba ilmi ba ne?

Nasara sun daɗe da ba nasu fannin matsayi. Tun 1867 aka buɗe kujerar koyar da aikin mishan a kwalejin tauhidinsu da ke Edimbara, Alexander Duff ya fara riƙe ta. Mu ma abin ya iso mu: ɗan mishan Schön ya buga ƙamus na Hausa a 1876, kuma a 1932 Baibul ya fito cikakke da Hausa. Ba yabon aƙidarsu nake yi ba, himmarsu nake nuna mana. A ɓangaren Musulmi, Shaihu Rashidu Rida ya buɗe makarantar Da'awa da Irshadi a Alƙahira a 1912, Yaƙin Duniya na Farko ya kashe ta. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ta buɗe tsangaya guda ta Da'awa da Usuluddini.

Wasu malamai suna cewa da'awa aiki ce kawai, ba ta cancanci darasi ba. Wasu 'yan boko masu nazarin addinai kuma suna cewa aikin jami'a bincike ne, babu ruwanta da kira. A ganina da'awa reshe ce da ke tsaye kan Tauhidi da Fiƙihu, a bayansu za a karanta ta, don wanda ya iya baki bai san hukunci ba ya fi mai shiru ɓarna. Amma dole a karanta ta, tare da harsuna da tarihin ƙabilu da sanin addinin wanda za a kira.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san Larabci ƙwarai, amma da Fulatanci da Hausa ya yi wa talakawa wa'azi, har ya zauna shekaru a Zamfara dominsa. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ba ta tura jajis ƙauyuka ba sai da ta zaunar da su ta karantar da su, ta naɗa musu malafa.

Wassalamu alaikum.