Ambato da Amfani: Da Wane Mudu Za a Auna Masani?

Kowace sana'a tana da mudunta. Manomi ana auna shi da yawan damman da ya kai rumbu, maƙeri kuwa da ƙarkon fartanyar da ya ƙera. To, shi masani mai binciken kimiyya fa, wanda aikinsa ba ya shiga buhu balle a ɗora shi bisa sikeli, da me za a auna shi? Jami'o'in duniya sun daɗe da yanka wa kansu mudu, watau a ƙidaya maƙalun da mutum ya buga a mujallun ilmi, sa'an nan a ƙidaya sau nawa sauran masana suka ambace su don kafa hujja. Da wannan lissafi ake ƙarin girma, ake raba kuɗin bincike. Tambayarmu ita ce, shin wannan mudu yana cika kuwa? Mu da ke zaune tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi muna da dalilin yin tambayar fiye da kowa.

Bari mu fara da asalin mudun. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield shi ne ya fito da kundin ƙidayar ambato a shekarar 1964. A 2005 kuma wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙago wata lamba da ake kira "h". Idan aka ce lambar mutum 20 ce, ana nufin yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗayansu sau 20 ko fiye. Ga shi dai kamar adalci, domin lamba ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba.

Ambato kuma ba baƙonmu ba ne. Malamanmu na zaure ba su karɓar magana sai an faɗi wurin wanda aka ji ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu. Ashe ambato biyan bashi ne, kuma wanda ya ɗauki maganar wani bai ambace shi ba, ya ci amana. Har nan ba mu da ja.

Inda gizo ke saƙa shi ne a mayar da yawan ambato ya zama shi ne darajar mutum. A fannin ilmin ƙwayoyin halitta, wanda ke binciken abin da ke gudana can cikin ƙwayar jiki, akwai misalai masu ban mamaki. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa, ta shekarar 1951, wadda ta bayyana hanyar auna yawan sinadarin furotin. An ambace ta fiye da sau 300,000. Amma maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana ƙirar DNA, watau sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ba ta ko shiga cikin ɗarin ba. Haka Gregor Mendel, wanda ya buga bincikensa kan gadon halitta a 1866, ya rasu a 1884 ba tare da an kula da aikin ba, sai a 1900 aka farga. Da an auna shi da mudun yau, da ko ƙarin girma bai samu ba. Masanan kansu sun ga wannan giɓi, shi ya sa a 2012 wasunsu suka haɗu a birnin San Francisco suka tsara sanarwar da ke kira a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya yi bugu cikinta.

To, mu dawo gida. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar sa-kai ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai, ya shiga jijjiga, ya cika. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani ya ƙi ci. Daga baya aka gano gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, daga bisani Bagega, duk abin ya shafe su. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu.

A nan ne za mu ga ranar masu binciken ƙwayoyin halitta. Tun kafin wannan annoba, wasu sun ƙare rayuwarsu a ɗakin gwaji har suka gano yadda dalma ke ɓarna: tana toshe aikin wani sinadari da ake kira ALAD, wanda jiki ke buƙata wajen haɗa jini, tana kuma yin sojan gona a matsayin sinadarin kalsiyam, ta dagula saƙonnin ƙwaƙwalwa. An kuma san cikin yaro ya fi na babba zuƙar gubar ninki huɗu zuwa biyar. Ba don wannan sani da aka rubuta aka adana ba, da ba a san abin da za a nema cikin jinin yaranmu ba, balle a ba su maganin DMSA mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Saboda haka duk mai cewa rubuce-rubucen masana aikin banza ne, bai yi adalci ba.

Annobar ita ma ta haifi nata maƙalun. Wata da aka buga a 2012 ta nuna cewa a ƙauyuka biyu, daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Wata kuma ta 2014 ta bayyana sakamakon zagaye 3,180 na shan magani da aka yi wa yaran Zamfara. Waɗannan ayyuka ne na ƙwarai, kuma da irin wannan guba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ba a fara daga duhu ba.

Amma mu tsaya mu yi tunani. Duk sa'ad da wani masani a Ingila ko Amurka ya ambaci ɗaya daga cikin maƙalun nan, lambar marubutanta tana ƙaruwa da ɗaya. Wace lamba ce ke ƙaruwa ga uwar da ta miƙa hannun ɗanta aka ɗebi jini? Su wa ke ƙidaya leburorin da suka kankare gurɓatacciyar ƙasa gida-gida suka zuba sabuwa, da masu unguwannin da suka shawo kan jama'a aka fitar da dakan dutse bayan gari? Ba zargin marubutan muke yi ba, da yawansu sun sha rana tare da mutanenmu. Mudun muke tuhuma, domin yana ƙidaya bashin da ke tsakanin masani da masani, ya bar wanda ke tsakanin masani da mutanen da ciwonsu ya zama hujjarsa.

Bagega ta ishe mu darasi. An san halin da garin ke ciki, an auna, an rubuta, amma aikin kwashe ƙasar bai kankama ba sai a 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. Ilmi na kwance a takarda, yara na ci gaba da shaƙar ƙura. Ashe bugu da ambato rabin tafiya ne.

Mu malaman makaranta mun san wannan ciwo a aji. Muna ba da maki domin ba mu da wata hanya mai sauƙi, amma mun san ranar da ɗalibi ya mayar da maki alƙiblarsa, ranar ce ya fara neman satar amsa. Haka yake ga manya. In aka ce yawan maƙalu ne kaɗai abin dubawa, sai mai bincike ya yayyanka aiki ɗaya ya zama uku, abokai su riƙa ambaton juna, a guje wa matsalar ƙauye a bi abin da ake yayi a Turai.

Shawararmu ba ta a fasa mudu ba ce, a haɗa shi da na biyu. Idan za a ƙara wa mai bincike girma, bayan an tambaye shi sau nawa aka ambace shi, a tambaye shi ko ya koma inda ya ɗebo jini ya faɗi abin da ya gano da harshen da mutane ke ji, kuma 'ya'yan wurin nawa ya horar. A 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Jihar Zamfara, watau kaya sun dawo kan masu su. Cikin ɗaliban da ke zaune gabanmu yau akwai tsaran yaran da muka binne a 2010. In Allah Ya nufi wasunsu da zama masana, fatanmu shi ne a ambace su a mujallun duniya, a kuma san amfaninsu a Sunke. In kuwa ɗaya kaɗai zai samu, to, mu koya musu tun yanzu wanda ya fi nauyi. Allah Ya sa mu dace.