Biyayyar Kare: Ta Tsoro Ce Ko Ta Yarda?

A gidajen ma'aikata inda na taɓa zama, ina da maƙwabci mai kare. Kullum da yamma yakan fito da shi tsakar gida, da dorina a hannu, yana koya masa zama da tashi. Kafin wata uku karen ya iya. Da zarar ya ji muryar ubangidansa sai ya maƙale wutsiya, ya lafe a ƙasa. Maƙwabcin nan ya yi ta alfahari da wannan horo, har ran da igiya ta tsinke. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, karen kuwa ko waiwaye bai yi ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin abin da muka yi wata uku muna gani biyayya ce, ko kuwa tsoro ne muka ba shi sunan biyayya?

Masana halayyar dabbobi sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. Ivan Pavlov, mutumin Rasha wanda ya sami lambar Nobel a 1904, ya lura cewa kare kan fara zubar da miyau da zarar ya ga alamar da ya saba gani kafin abinci. Daga baya B. F. Skinner na Amurka ya nuna cewa dabba kan maimaita duk aikin da lada ya biyo bayansa. A kan wannan ne masu horar da karnuka suka gina dabararsu: kalma ɗaya ga kowane umarni, ɗan nama nan take idan ya yi daidai, darasi kuma gajere, na 'yan mintoci, amma kullum. Sharaɗin shi ne kada ladan ya makara, domin kare ba ya iya haɗa abin da ya aikata ɗazu da abin da ya same shi yanzu.

A nan ne kuskuren maƙwabcina yake. Duk sa'ad da ya kira karen ya yi jinkirin zuwa, da ya iso sai ya sha bulala. A ganin mai gida, jinkirin ya hukunta. A fahimtar karen kuwa, zuwan ne ya jawo masa duka. Ashe wata uku ya yi yana koya masa gudu, igiya ce kawai ta ɓoye darasin.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A 1967, Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji a Jami'ar Pennsylvania, inda aka riƙa jona wa karnuka lantarki ba tare da wata mafita ba. Da aka mayar da su wurin da tsallake ɗan shinge kawai zai cece su, akasarinsu sai suka kwanta suna kuka, ba su ko gwada ba. Wanda ya leƙo daga nesa zai ce ga karnuka masu ladabi, alhali kuwa ɗebe tsammani ne ya kwantar da su.

Mai yiwuwa mai karatu ya ce: to, ai nama ma toshiya ce, kuma karen da ke zama don tsoka bai fi wanda ke zama don bulala ba, tunda kowannensu kansa yake yi wa. Wannan magana tana da nauyi. Sai dai a duba abin da kan rage idan an janye abubuwan biyu. Mai horo da lada yakan rage naman sannu a hankali, har shafa kai da daɗin baki su wadatar, domin karen ya riga ya saba cewa kusantar ubangidansa alheri ce. Mai horo da bulala ba shi da halin ajiye ta, gama ran da ya ajiye, ran nan ikonsa ya ƙare.

Mafarautanmu sun san haka tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa ake cewa ba a kiwon kare ran farauta. A daji babu igiya. Karen da ya bi zomo ya yi nisa, ya kama, ga yunwa, ga nama a bakinsa, babu abin da zai komo da shi sai sabo da yarda. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo wa mai ita, malaman fiƙihu kuma suka bayyana alamar horon da cewa idan an tura ta ta tafi, idan an tsawata mata ta tsaya. Wato ana auna horon ne a lokacin da dabbar take sake, ba ta hannun kowa.

Kare ba shi da hankalin da zai auna umarni ya san mai kyau da mummuna. Wanda aka koya wa tsaron gida da wanda aka koya wa cizon baƙo duk biyayya suke yi, saboda haka nauyin abin da suka aikata yana wuyan mai su. Duk wanda ya nemi wata halitta ta miƙa masa wuya, to ya ɗauki amanar cinta da shanta, da kuma amanar abin da zai umarce ta da shi.

Ba na cewa ɗan Adam daidai yake da kare, domin shi yana da haƙƙin a gaya masa dalili, har ma ya ƙi umarnin da ya saɓa wa gaskiya. Amma mu da muke iyaye da malamai, da ɗaliban da za su riƙe aji gobe, ya kamata mu tsaya mu duba. Yaron da kan yi tsit idan mun shigo, ya kuma ɓarke idan mun fita, me muka koya masa? Wata rana zai bar gida, ya tafi makarantar da ba mai ganinsa, kamar yadda da yawa daga cikinmu muka baro garuruwanmu muka zo nan. A ranar ce za mu yi kira, mu ga ko zai waiwayo.