Gahawar Safe: Wa Ke Riƙe da Wani?

A gidajen ma'aikata da yawa, tun kafin a dama koko an riga an ɗora butar ruwan zafi saboda maigida ko uwargida. Malamin makaranta yana so idonsa ya buɗe kafin ya shiga aji, ma'aikaciyar jinya tana da aikin dare a gabanta, direban babbar mota zai kama hanyar Legas, ɗalibi kuma jarrabawa ta matso. Dukansu sun dogara ga abin sha guda, wato gahawa, wadda a teburin mai shayi ake ce mata kofi, ko kuma a kira ta Nescafé ko da wane kamfani ne ya yi ta. Ba giya ba ce, ba ta sa maye, ba kuwa wanda yake ɓuya domin ya sha ta. Shi ya sa da wuya a ga wanda ya tsaya ya auna ta da ma'aunin lamiri. Amma duk abin da mutum yake yi kowace rana ta Allah, har ya kai ga faɗin cewa ba ya iya kome sai da shi, ya isa a yi tambaya a kansa: shin mutumin ne ke riƙe da kofin, ko kuwa kofin ne ke riƙe da shi?

Ya kamata a fara yi wa gahawa adalci. Asalin itacenta daga tsaunukan Habasha ne, a ƙasar Yaman kuma aka fara shanta sosai a ƙarni na 15, inda masu ibadar dare suke kurɓa domin kada barci ya sace su. A Nijeriya ma ana noma ta, musamman a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Tun fitowarta ake ta gurfanar da ita gaban shari'a. An hana ta a Makka a 1511. Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba da umarnin rufe gidajen shanta a ƙarshen 1675, amma ko mako biyu ba a yi ba ya janye. A 1991 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta cikin abubuwan da ake zargi, sa'an nan a 2016 ya cire ta bayan da shaida ta taru. A 2017 mujallar likitoci ta BMJ da ke Birtaniya ta buga wani nazari da ya tattara bincike sama da 200, aka ga cewa masu shan kofi uku zuwa huɗu a rana sun fi waɗanda ba sa sha ƙarancin ciwon zuciya, da ciwon hanta, da ciwon sukari. Wannan bai tabbatar da cewa gahawar ce ta ba su lafiya ba, amma ya isa ya nuna cewa ita kanta ba dafi ba ce. Wanda ya tashi yin wa'azin haramta ta, ya ɗauko kayan da ba a aike shi ba.

Inda maganar take shi ne a cikin irin aikin da take yi a jiki. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa kaɗan-kaɗan. Shi ne ɗan aiken da ke kai labarin gajiya. Idan ya yi yawa sai ido ya yi nauyi, hamma ta zo. Sinadarin da ke cikin gahawa, wato kafeyin, wanda wani Bajamushe mai suna Friedlieb Runge ya fara ware shi a 1819, yana da kama da wannan ɗan aike. Sai ya riga shi zuwa ƙofar da yake ƙwanƙwasawa, ya tsaya a bakinta ya hana shi shiga. Gajiyar tana nan, labarinta ne kawai bai isa ba. Abin lura ke nan: gahawa ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko da na ƙwayar gero, sai dai ta ɓoye masa raunin da yake ciki na 'yan sa'o'i. Da ta sake shi, dukan saƙonnin da aka tare za su shigo a lokaci ɗaya.

Ke nan kuzarin gahawa bashi ne, kuma barci ne kaɗai kuɗin da ake biyansa da shi. Cin bashi ba laifi ba ne. Ma'aikaciyar jinya da ke gadin mara lafiya har asuba, ko direban da ya rage masa tafiyar awa guda ya isa masauki, sun ci bashi domin wani abu mai daraja, za su kuwa biya gobe. Akwai bambanci tsakaninsu da wanda ya mai da bashin hanyar zamansa: ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya, ya tashi ƙarfe biyar, ya rufe bakin jikinsa da kofi biyu masu kauri, gobe ya sake. Hausawa sun ce jiki magayi. Mutumin nan ya sami hanyar hana magayin magana, kuma wannan wani nau'i ne na ƙarya, ko da yake kansa yake yi wa. Abin takaici shi ne ba shi kaɗai yake biya ba. Wurin aiki ne ke samun sa'o'in da idonsa yake a buɗe, gida kuma ya sami saura: fuska a murtuke, tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, gyangyaɗi a lokacin da yaro ya kawo littafinsa a duba masa. Matar da ba ta taɓa kurɓar gahawa ba, ita ce sau da yawa ke ɗanɗana ɗacinta.

Saboda haka gyara na farko ba a cikin kofin yake ba, a agogo yake. Jikin babban mutum mai lafiya yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin da ya sha. Wanda ya sha da ƙarfe huɗu na yamma, da ƙarfe tara na dare rabin yana nan yana yawo cikin jininsa. A 2013 wasu masu bincike a Amurka sun ba mutane miligiram 400 na kafeyin awa 6 kafin su kwanta, aka tarar barcinsu ya ragu da fiye da awa guda, alhali da yawansu ba su ma ankara ba. Wannan yana amsa wa mai cewa shi ko da tsakar dare ya sha zai yi barcinsa. Zai rufe ido, gaskiya ne, amma barcin ba zai yi nauyi ba, da safe ya tashi a gajiye, ya nemi kofi mafi kauri, haka abin zai yi ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mai son ya ci gaba da shan gahawarsa cikin salama, sai ya tsai da ita daga safe zuwa azahar.

Game da yawa kuwa, hukumomin kula da abinci na Amurka da na Turai sun yi daidai a kan cewa miligiram 400 a rana ba ya cutar da yawancin manya masu lafiya. Kofi guda yakan ɗauki tsakanin 60 da 100, gwargwadon girmansa da nauyin hannun mai haɗawa, wato kusan kofi huɗu ke nan. Sai dai lissafin ba na gahawa kaɗai ba ne. Shayi yana da kafeyin, goro yana da shi da yawa, haka lemon kwalba baƙi da lemon ƙara kuzari na gwangwani. Dattijon da ke tauna goro yini guda yana yi wa ɗansa faɗa a kan gahawa, da shi da ɗan rijiya ɗaya suke ɗiba. Mace mai ciki an shawarce ta kada ta wuce miligiram 200, domin jikinta yana jinkirin fitar da shi ƙwarai, yana kuma ratsawa zuwa ga jariri. Mai hawan jini, da mai bugun zuciya, da mai ƙwannafi ko gyambon ciki, su nemi shawarar likitansu. Yara kuwa ba su da wata bukata da ita.

Amma a ƙasar nan, babban abin da ke lalata kofin safe ba kafeyin ba ne, sukari ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa a rana, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, ta ce kuma in an iya komawa cokali 6 ya fi. To, a tsaya a teburin mai shayi a ƙirga. Cokali uku ko huɗu a kofi guda ba abin mamaki ba ne, ga madarar gwangwani mai kauri wadda ita ma an cika ta da sukari, ga burodi a gefe. Kafin ƙarfe takwas na safe mutum ya cinye rabonsa na yini. Ƙananan ledojin nan da ake haɗa gahawa da madara da sukari wuri guda, duk wanda ya juya bayansu ya karanta zai ga yawanci sukari ne a farkon jeri, abin da ake kira madarar kuma mai ne da aka sarrafa, gahawar ita ce 'yar kaɗan. Amfanin da likitoci suka gani a binciken da aka ambata ba a irin wannan haɗin suka gan shi ba.

A nan akwai wata matsala ta zuciya wadda ba a cika faɗa ba. A gidaje da yawa, zaƙi shi ne ma'aunin ƙauna. Uwargida tana jin kunya ta miƙa wa baƙo kofin da bai ji sukari ba, kada a ce ta yi rowa. Maigida kuma idan aka rage masa cokali guda sai ya ɗauka an rage masa daraja. Ta haka ake shayar da wanda ake ƙauna abin da zai kai shi layin masu ciwon sukari a asibiti, da kyakkyawar niyya. Karimci na gaskiya yana iya ajiye sukarin a gefe, kowa ya zuba da hannunsa. Harshe kuma yana koyon sabon abu: in ana rage rabin cokali kowane mako, bayan wata biyu abin da dā ake sha da daɗi sai ya gagara haɗiyewa don zaƙi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Abin sha mai tsananin zafi, sama da digiri 65, an danganta shi da ciwon dajin maƙogwaro, don haka a bar kofin ya ɗan huce. Gahawa da shayi suna rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake gina jini, saboda haka mai ƙarancin jini ya ba da tazarar awa guda tsakaninsu da abinci. Mai dafa niƙaƙƙiyar gahawa ya tace ta da takardar tacewa, domin tana tare wani mai da ke ɗaga kitsen jini.

Duk waɗannan suna da sauƙin faɗa. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya san matsayinsa, gwajin kuwa ba ya bukatar likita: ya bar ta kwana guda. Idan jiki ya saba ƙwarai, tsakanin awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai zo, da kasala, da saurin fushi, abin kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 9 kafin ya lafa. Mutane da yawa a ranar azumi suke fara gane wannan, su ɗauka yunwa ce ke sara musu kai, alhali kofin da ba su sha ba ne ke neman haƙƙinsa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake wannan turken ya kama masu wayo da yawa.

Wanda ya ga haka a jikinsa yakan so ya yanke gaba ɗaya a rana guda, har ya fara kallon masu sha da ido na raini. Sau da yawa wannan ya fi sauƙi a kan kamewa, domin wanda ya bari sau ɗaya ya yanke shawara, mai tsayawa a kan ma'auni kuwa kowace safiya sai ya sake yanke ta, ga gwangwani a buɗe, ga cokali a hannu, ba kuma mai ganinsa. Likitoci ma ba su goyi bayan yankewa farat ɗaya ba. Abin da suke ba da shawara shi ne ragewa a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu: mai kofi huɗu ya koma uku na 'yan kwanaki, sa'an nan biyu, ya fara da cire na yamma, ya sa ruwa a gurbinsa, ya kuma matso da lokacin kwanciyarsa da rabin awa domin a fara biyan tsohon bashin.